Dandali ba Kango ba ne

Abin yakan faru ne ba tare da shela ba. Wata safiya sai mota ta tsaya kusa da tsamiyar unguwa, mutum biyu ko uku su sauko da igiyar awo da takarda a naɗe, su yi ta kai da kawowa, yara na biye da su suna kallo. Kafin azahar an kafa turakun siminti a kusurwa huɗu. In dattawan da ke zaune gindin itacen suka tambaya, sai a ce musu hukuma ce ke lissafin filayenta, kada su damu. Bayan wata uku a zube rairayi da bulo. Bayan wata shida mai gatari ya zo, domin wanda ya sayi kare bai saye shi don ya yi kiwon tsamiya ba. Daga nan sai ƴan mata su rasa wurin gaɗa, samari su koma buga ƙwallo bakin kwalta, majalisar dattawa kuwa ta watse, kowa ya shige zaurensa, ba a sake haɗuwa sai wurin suna ko jana'iza.

Duk wanda ya daɗe a Maraɗi, ko Damagaram, ko Yamai, yana iya nuna wa baƙo wuraren da haka ta faru. Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne igiyar awon ta fita daga manyan birane ta kama hanyar ƙauye. Tun da aka raba ƙasa zuwa ƙananan hukumomi 265, aka kuma yi zaɓensu na farko a watan Yulin 2004, garuruwa irin su Issawane da Kanambakashe da Cake a gundumar Mayahi, ko Urafan da Korgom da Maijirgi a gundumar Tasawa, suka zama cibiyoyin mulki. Cibiya kuwa takan jawo ofis, da kwaleji, da gidan likita, da ma'aikata masu neman wurin gini, sai ƙasar da jiya ake bayarwa da goro da fatiha ta wayi gari da farashi. A irin waɗannan garuruwa dandali bai riga ya ƙare ba, saboda haka a nan ne faɗakarwa za ta yi amfani. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da ake sayarwa

Kafin a yi gardama a kan ciniki ya kamata a san hajar. A watan Janairun 1851 wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya sauka Tasawa ta wancan zamani bayan ya ƙetaro hamada ta Abzin. Cikin abubuwan da suka faranta masa rai har ya rubuta su akwai rumfar da ke bakin gida, inda ake karɓar baƙi ana harkokin yau da kullum, da manyan itatuwa da suka lulluɓe gidaje da inuwa, yara da awaki da kaji da tantabaru suna watayawa a ƙarƙashinsu. Wannan kuwa shekara 48 ne kafin ayarin Voulet da Chanoine ya iso yankin da wuta da bindiga, ya tarwatse a Maijirgi a 1899. Ke nan wanda ke cewa inuwa a tsakiyar gari dabara ce da Turawa suka kawo, bai karanta tarihin garinsu ba.

Garin Hausa na dauri yana da tsari, ko da ba a zana shi a takarda ba. Akwai ƙofar fada da babban filinta, akwai masallaci, da rijiya, da kasuwa, da kududdufin da aka haƙi ƙasar gini wanda ya zama matarar ruwan damana, sa'annan a bayan gari akwai filin Idi, da maƙabarta, da hurumi inda dabbobi ke kiwo mata ke samun itacen girki. Kowace unguwa kuma tana da ƙaramin dandalinta. Itatuwan da ke tsaye a waɗannan wurare ba su fito da ka ba, zaɓarsu aka yi. Durumi da cediya ana kafa reshensu ne ya kama, su ba da inuwa mai kauri a ƙofar sarki ko ta mai unguwa. Tsamiya ta ba da kunu, kuka ta ba da miya, kurna da kanya su tara yara, magarya kuma ana neman ganyenta ranar wankan gawa. Har sunayen wurare suna ba da shaida: Kurna da Rimin Kebe da Tsamiyar Boka a Kano, da Gulbin Kaba da ya ratsa ƙasar Tasawa da ta Mayahi. Sau da yawa sunan kan fi itacen daɗewa.

Wanda ya zauna ya lura da dandali guda tun daga asuba har dare zai ga ma'aikata ce mai canjin ma'aikata. Da sassafe mai ƙosai da mai koko ne, da makiyayi da ke tara awakin unguwa. Da hantsi wanzami ya shimfiɗa buzunsa, mai gyaran keke ya rataya tayoyinsa a reshe, masu tufka igiya da masu saƙar tabarma su baje kabarsu. Da rana tsaka, a watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce awo 40, ɗakin kwano kuma ya zama tanda, tsofaffi da masu jego da marasa lafiya nan suke fakewa, domin ita ce na'urar sanyaya ɗaki ta wanda ba shi da lantarki. Da la'asar masu dara su tona gurabunsu, a sasanta rikicin gona ko na aure kafin ya kai gaban alƙali. Da dare almajirai su hura wutar karatu, samari su kafa fadarsu da butar shayi, in da farin wata ƴan mata su yi da'ira. Babu wani gini a garin, komai tsadarsa, da ke ɗaukar ayyuka masu yawa haka, kuma babu wanda ake tambaya kuɗin shiga.

Malaman Hausa su ya kamata su fi kowa jin zafin wannan asara, domin rabin abin da suke koyarwa a aji a dandali aka haife shi. Waƙoƙin gaɗa, da kacici-kacici, da karin magana, da kirarin ƴan kokowa, da langa, da carafke, da tashe na watan azumi, duk adabi ne da ke bukatar fili da taron jama'a kamar yadda kifi ke bukatar ruwa. Gasar kokowa ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975 Kantu na Maraɗi ya zama zakaranta na farko, ba ta ƙirƙiri ƴan kokowa ba. A rairayin dandali suka koyi kaye tun suna ƙanana, ita dai ta tara su ne. Samariya ma, wadda aka farfaɗo da ita zamanin Seyni Kountché, da ba ta tarar da dandali da sarkin samari a kowane gari ba, da ba ta samu wurin tsayawa ba. Abin takaici ne a ga malami yana rubuta waƙar gaɗa a allo, yana bayanin amshi da tafi ga yaran da ba su taɓa shiga da'ira ba, alhali filin da iyayensu mata suka yi ta yana bayan katangar makaranta, an mai da shi shaguna.

Kuskuren fassara

Wani ɓangare na ɓarnar daga harshe ya fara. Takardun tsara gari da faransanci ake rubuta su, kuma kalmomin da ke cikinsu ba su san dandali ba. Akwai «espace vert», akwai «réserve foncière», akwai «terrain vague». Mai awo in ya zo ya ga rairayi da itace biyu, babu ciyawa, babu shinge, babu kujerar ƙarfe, ba zai rubuta na farko ba. Na uku zai rubuta, wato kango, wurin da ba kowa. Daga ranar da aka kira wuri kango kuwa an riga an yanke masa hukunci, saura kawai a sami mai saye. Su kuma waɗanda suka yi boko, da aka tambaye su fassarar «espace vert» sai suka ce lambun shaƙatawa, suka sa wa jama'a a rai cewa abu ne na masu kuɗi da masu farar riga, wanda talaka bai taɓa mallaka ba, don haka ba shi da abin da zai yi asara.

Daga wannan fassara aka sami ɓarna iri biyu. Ta farko ita ce sayarwa. Ta biyu ta fi wuyar ganewa domin da sunan gyara take zuwa: a kewaye fili da ƙarfe, a sare tsohon itace don ya ɓata tsari, a shuka ciyawar da sai an shayar da ita safe da yamma a garin da mata ke jerin gwano a bakin famfo, a sa mai gadi da ƙofa, a rubuta suna a allo. Shekara biyu ciyawa ta ƙone, mai gadi ya gaji da jiran albashi, ƙofa ta ci tsatsa a rufe, ko kuwa a ba wani haya ya buɗe wurin sayar da abinci. Mutanen unguwa dai an fitar da su ko ta wace hanya. Irin wannan lambu inuwar giginya ne, na nesa ka sha.

Ba laifi ba ne a dubi abin da wasu ƙasashe suka yi, amma a dubi inda darasin yake. A birnin Paris, tsakanin 1853 da 1870, zamanin Haussmann da injiniyansa Alphand, an buɗe ƙananan filaye sama da 20 a cikin unguwanni, domin mai aikin hannu ya sami wurin hutawa kusa da gidansa. A birnin Landan kuwa, da aka ga masu gini sun fara cinye filayen tsofaffin unguwanni, sai majalisa ta yi doka a 1931 ta hana gini a kan fiye da 400 daga cikinsu, kowanne da sunansa a jere. A Nairobi, a 1989, Wangari Maathai ta tsaya kai da fata har aka fasa gina bene mai hawa 60 a filin Uhuru, ta sha zagi a majalisar ƙasarta, daga baya ta karɓi kyautar Nobel a 2004. Ciyawa da furanni na ƙasar da ruwa ke sauka ne duk shekara, ba su ɗaukuwa zuwa Mayahi. Abin da ke ɗaukuwa shi ne suna a cikin doka, da mutanen da ke shirye su tsaya a kan sunan.

Yadda ake cin fili

Ba a bukatar mugun mutum kafin dandali ya salwanta. Aljihun hukuma da babu kowa a ciki ya isa. An ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin makarantu da rijiyoyi da tsabtar gari, amma harajin kai da na kasuwa ba su cika shigowa yadda aka rubuta ba. Hanya mafi sauri ta samun kuɗi ita ce a yanka filaye a sayar. Idan gonakin bakin gari suka ƙare, ko masu su suka ƙi, sai ido ya dawo cikin gari, inda fili ya fi tsada kuma babu mai takarda. A ƙa'ida wurin da aka ware wa jama'a ba ya sayuwa, sai an bi hanyar fitar da shi daga dukiyar jama'a; amma ƙa'idar tana kare abin da aka rubuta ne, dandalin tsohuwar unguwa kuwa sau da yawa babu inda aka rubuta shi, sai a zukatan waɗanda suka girma a cikinsa. Hukumar da ta sayar da shi ta biya albashin wata biyu ta yi kamar magidancin da ya cire ƙyauren ɗakinsa ya dafa tuwon dare.

Yamai ta isa misali. A 1965 aka fara dasa zoben itatuwa kewaye da birnin, wanda aka tsara zai kai hekta 2,500, yawancinsa bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro, domin ya tare iska da ƙura. Shekaru aka yi ana dasawa ana shayarwa, da kuɗin ƙasa da na masu ba da agaji. Yau babban ɓangarensa ya zama gidaje da gidajen mai da juji, kuma ba dare ɗaya aka cinye shi ba, kare bayan kare ne, kowanne da takardarsa da hatiminsa. A Kano kuma an ga ƙarshen irin wannan hanya a 2023, sa'ad da aka rushe shagunan da aka gina a filin Idi na Ƙofar Mata, ƴan kasuwa suka yi asarar dukiya, magana ta kai kotu. Ko mutum yana bayan masu ginin ko yana bayan masu rusau, abu ɗaya ya tabbata: fili in ya riga ya zama siminti, ƙwato shi sai da hawaye. Rigakafi ya fi magani.

Magabata ba su yi wannan sakaci ba ko a cikin masifa. Da ambaliyar 1945 ta cinye tsohon Maraɗi da ke cikin gulbi, aka hau tudu aka sake gari, unguwanni irin su Bagalam da Ƴandaka da Maradawa da Limanci suka hau da sunayensu, kuma aka bar babban fili a ƙofar fada. Mutanen da suka rasa ɗakin kwana ba su ce a raba musu filin sarki ba, domin sun san gari ba tarin ɗakuna ba ne kawai.

Hujjojin masu sayarwa

Masu goyon bayan yanka filaye suna da hujjoji, kuma ba daidai ba ne a yi kamar ba a ji su ba. Ta farko ita ce yawan jama'a. Ƙidayar 2012 ta sami mutum miliyan 17 da ɗoriya a Nijar, miliyan 3.4 daga ciki a jahar Maraɗi, kuma a lokacin ana ƙaruwa da kusan kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, wato ninki biyu cikin shekara 18 ko 19. Ina waɗannan mutane za su kwana? Tambaya ce ta gaskiya, amma amsarta ba ta cikin dandali. Dandalin unguwa bai fi kare biyu ko uku ba. In an yanka shi gida uku za su samu, gida ɗari su rasa, kuma ba a taɓa jin cewa marar gida ne ya saye shi ba. Mai iya sayen fili a tsakiyar gari yana da inda yake kwana. Hasali ma yawan jama'a hujja ce ta barin fili, domin gidan da da yake ɗauke da mutum goma yau yana ɗauke da talatin, an cike tsakar gida da ɗakuna, an sare itacen da ke ciki. Yaron da aka haifa a irin wannan gida ba shi da wurin gudu sai waje.

Hujja ta biyu ita ce ƙazanta: wai filin ya zama juji, matattarar leda da sauro da ƴan shaye-shaye, gara a gine shi a huta. Wannan ma akwai gaskiya a ciki, sai dai ruwa ba ya tsami banza. Fili yakan zama juji ne bayan an raba shi da masu shi, sa'ad da aka ce wa mai unguwa ba ruwansa, na hukuma ne, ita kuma hukumar ba ta da ko amalanke ɗaya ta kwasar shara. Wanda akuyarsa ta yi ƙazzuwa magani yake nema mata. Game da kududdufi kuwa, waɗanda suka cike shi suka yi gini sun sami amsa a damanar 2024, wadda jahar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki a cikinta. Ruwan sama ba ya karanta takardar fili. Rairayin da ba a rufe ba yana shan ruwa, rami yana ajiye shi, in an toshe su duka biyu sai ya nemi hanya ta cikin ɗakunan mutane.

Hujja ta uku ta fi nauyi a baki, domin ba a son a ƙi ta a fili: wai ba shago za a gina ba, masallaci ne, ko aji, ko ɗakin shan magani. Babu mai ƙin ɗaya daga cikinsu. Amma amfanin jama'a guda ba ya halatta kashe wani amfanin jama'a, balle in akwai wurin da za a yi ginin a gaba kaɗan. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan malaman wannan ƙasa sun yi bayanin hurumi dalla-dalla: gari yana da huruminsa na kiwo da itace, rijiya tana da nata, itacen dabino yana da nasa, kuma ba a mallaka wa mutum guda abin da jama'a ke bukata. Masallacin da ya cinye harabarsa, ranar Juma'a a kan kwalta mutanensa za su yi sahu, cikin rana.

Darasin manoma

Abin mamaki shi ne amsar wannan matsala tana bayan gari, a gonakin waɗanda ba su yi boko ba. Dokar daji ta 1974, wadda ta gaji ta Turawan mulki ta 1935, ta sa itatuwa masu daraja a hannun hukuma. Manomi yana iya shan tara a kan gawon da ke cikin gonarsa. Sakamakon haka sai ya riƙa kallon tsiro a matsayin abin jawo masa fitina, yana sassabe shi tun yana ƙarami. Daga 1983 Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya da ke aikin gona a Maraɗi, ya fara jan hankalin manoma ga kututturan da ke raye a ƙarƙashin ƙasa: a bar tsiro biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran, a kare su daga dabba da wuta. Yunwar 1984 ta sa mutane da yawa suka gwada. Aka kira abin sassaben zamani, ƙauyuka irin su Ɗan Saga a ƙasar Agiye suka yi suna da shi, har suka kafa kwamitocin tsaron itatuwa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, mafi yawa a jahohin Maraɗi da Damagaram. Doka ce ta biyo manoma a baya: ƙa'idojin ƙasar noma na 1993, dokar daji ta 2004, da dokar 2020 da ta tsara sassaben zamani ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya raina.

A gefe guda kuma akwai bikin 3 ga Agusta, wanda tun 1975 ake dashen itatuwa a cikinsa, da alkawarin Maraɗi na 1984 a kan yaƙi da hamada. Niyya ce mai kyau, kuma akwai itatuwan da ke tsaye yau albarkacinta. Amma kowane malami ya san yadda abin yakan kasance a garuruwa da yawa: a jera ƴan makaranta a rana, babban baƙo ya tsuguna ya dasa, a zuba ruwa a buta, a yi tafi, kafin watan Nuwamba akuya ta gama aikinta, baɗi a dawo a tona rami a wuri guda. Bambancin gawon manomi da dashen biki bai wuce abu ɗaya ba: na farko yana da mai shi. Dandali ma haka ne. Ya rayu ɗaruruwan shekaru sa'ad da yake na unguwa, da mai unguwa da sarkin samari da tsofaffin mata masu shara da asuba. Ya fara mutuwa ranar da aka ce na kowa ne a takarda, na ba kowa a aikace.

Aikin malamai da ƙungiyoyi

Laifi tudu ne. Ma'aikatan gwamnati, har da malamai, ba ƴan kallo ba ne a cikin wannan ciniki. A farkon shekarun 2000, da aka biya bashin albashi da filaye, hannun ma'aikata da yawa ya saba da takardar kare, wasu suka gano cewa saye da sayar da ita ya fi alli riba. Ba a zargin wanda ya karɓi haƙƙinsa. Amma mutumin da ya koyar da darasin hamada da safe, da yamma ya je ya taya filin da ya san dandali ne domin an yi masa rahusa, ba shi da bakin zagin magajin gari. Haka su ma ƙungiyoyin al'adu da ke kashe kuɗi su hayi zaure da kujeru da lasifika domin makon al'ada, a yi gaɗa a kan dakali na minti goma, alhali ba su taɓa rubuta takarda ɗaya ta kare wurin da gaɗar ke rayuwa ba.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin kwaleji guda da ƙungiya guda ba. Da farko a ƙidaya. Ɗaliban aji ɗaya suna iya zagaya gari kamar Issawane cikin mako biyu, su rubuta kowane dandali da kududdufi da babban itace, da sunan da unguwa ke kiransa, da faɗinsa da taki, da abin da tsofaffi suka sani na tarihinsa, da Hausa da faransanci. Wannan darasin rubutu ne da na lissafi da na tarihi a lokaci guda. Na biyu, a kai takardar gaban mai gari da limamai da kwamitin kula da filaye, wanda aka fi sani da Kofo, da hukumar gari, ko zaɓaɓɓiya ce ko naɗaɗɗiya, a nemi a shigar da wuraren cikin dukiyar jama'a, a kafa musu turaku. An yi wa burtali haka a wurare da yawa na wannan jaha domin shanu su wuce lafiya. Yaran unguwa ba su kasa shanu daraja ba. Na uku, a mayar wa unguwa da riƙon wurin a rubuce, da kwamiti ƙarami wanda mata ke ciki, domin su ne suka fi sanin wanda ke zuba shara da dare. Na huɗu, a dasa abin da ƙasar ta sani: bedi don saurin inuwa, amma tare da tsamiya da cediya da kurna da gawo, wanda ke riƙe ganyensa da rani sa'ad da ake neman inuwa, kowane itace da sunan ajin da zai shayar da shi har ya fi ƙarfin akuya. Na biyar, duk sabon yankan filaye, a tambayi mai awo a gaban jama'a ina dandalin sabuwar unguwa, kafin a raba kare ko ɗaya.

Wasu za su ce ƙasar da ke fama da tsadar hatsi da rashin tsaro ba ta da lokacin maganar inuwa. Amma hatsi in ya yi tsada bana yana iya sauka baɗi, dandali kuwa in ya tafi ba a taɓa ganin ya dawo ba, tsamiyar da aka sare cikin yini guda kuma sai jikoki ne za su ga madadinta. Garuruwan ƙasar Mayahi da Tasawa suna da sauran dama wadda Yamai ta riga ta kashe. Turakun siminti za su iso ko ana so ko ba a so. Abin da ya rage shi ne wa zai riga kafa su, mutanen unguwa ko mai saye. Malamai suna da alƙalami, ƙungiyoyi suna da murya, tsofaffin da suka san iyakar kowane fili kuma suna nan da ransu, amma ba za su dawwama ba. Ran gini, ran zane.